Amsa kan murfin tayar jirgi

Salamu alaikum jama'a. Injiniya, na ji saƙonka tun da asuba, ina gareji hannuna duk ƙurar fayiba, shi ya sa ka ji ni shiru. Ka ce RV-7 ɗin da kake haɗawa, ƙaramin jirgin saman nan na kamfanin Van's, ya kusa tashi, ka sa wa tayoyin murfi ne ko ka bar su haka.

To ni dai, kar ka fara da murfin taya, fara da na ƙafa. Ƙafar jiragen Van's irin naka ai sandar ƙarfe ce mulmulalliya, dabarar Steve Wittman, wani maƙerin jirage na Amurka. Ita kuwa iska ba ta shiri da mulmulallen abu, da ta zagayo bayansa sai ta hargitse ta dinga janye jirgin. Ka sa wa sandar nan riga mai siffar ɗigon ruwa, za ka sha mamakin gudun da za ka samu. Amma fa ka saita shi sosai. Nawa na hagu ya ɗan karkace, abin da bai kai a ce komai ba, wallahi ƙwallon nan na allon matuƙi mai nuna ko jirgi na tafiya a karkace ya ƙi zama tsakiya, ƙafata na kan fedar juya wutsiya har na sauka. Sai da na ɗage jirgin da jak, na ja zare daga gaba zuwa wutsiya, sannan ya miƙe.

Shi murfin taya, e, yana ƙara gudu, yana rage shan mai, ga kyau. Matsalarsa ƙasa. Filin ciyawa bayan ruwan sama, laka ce za ta cushe ciki. Nan jihar Wiskonsin ta Amurka da hunturu kuwa jiƙaƙƙiyar ƙanƙara ke shiga, ka hau sama ta daskare, ka dawo sauka taya ta ƙi juyawa. Ga birki, in ka cika taka shi zafin ba shi da wajen fita, fayibar da ake yin murfin da ita kuma tana ci da wuta. Shi ya sa yawancin masu Zenith CH 750 STOL, jirgin sauka a gajeren filin daji, ba sa ma kallonsa, manyan tayoyi suke sawa.

In za ka sa, ka bar rata, yatsanka ya zagaye tayar bai maƙale ba, don tana buɗewa in ta daki ƙasa. Ka huda ɗan rami saitin bawul saboda duba iska. Awannin farko na gwaji kuma ka yi su ba murfin tayar, idonka na kan birkin. Turo min hoton ƙafafun in gani.