Amsa: Ganin Melan-A a sakamakon gwaji yana nufin kansar fata?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ganin Melan-A a sakamakon gwajin tsokar fata yana nufin mutum ya kamu da melanoma, wato wani nau'in kansar fata. Ganinsa shi kaɗai ba ya tabbatar da hakan.

Melan-A furotin ne ƙarami mai amino asid 118 (su ne tubalan ginin furotin), kuma ƙwayar gadon da ke samar da shi, wato MLANA, tana kan kuromosom na 9 (kuromosom shi ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado). Masu bincike a Beljiyam da Amurka ne suka gano shi a 1994, kowane ɓangare da nasa aikin, shi ya sa yake da suna na biyu, MART-1. Abin da ya kamata ka lura da shi shi ne, lafiyayyun ƙwayoyin da ke ba fata launi ma suna ɗauke da wannan furotin, haka nan tawadar Allah wadda ba ta da wata illa. Saboda haka, idan likita ya rina tsokar da sinadarin da ke nuna Melan-A ya ga launin ya kama, abin da ya gano shi ne asalin ƙwayoyin, wato dangin masu ba fata launi ne. Hukuncin ko ciwon kansa ne kuwa, sai ya duba siffarsu da zurfin da suka kutsa cikin fata. A ganina, gara ka koma wurin likitan ya karanta maka rahoton gaba ɗayansa.