Huɗu cikin goma sha biyu ba rinjaye ba ne

Wani ɗan kasuwa ya rubuto mini daga Dawanau. Su 12 suka haɗa naira dubu 500 kowanne don ajiyar hatsi da kaka. Ya tambaya a zaurensu na WhatsApp me za a saya: huɗu suka ce wake, uku masara, biyu gero, uku ba su tanka ba. Ya sayi wake, yanzu guna-guni ya yi yawa. Tambayarsa, ko ya sallami masu ƙorafin?

Alhaji, kada ka sallami kowa. Laifin naka ne. Ka kashe miliyan 6 ta mutum 12 da bakin mutum huɗu, ukun da suka yi shiru kuma ka zuba su a sahun waɗanda suka yarda. Wa ya gaya maka sun yarda? Yaron da ya ga ubangidansa ya riga ya rubuta "wake" ba zai musa masa a gaban jama'a ba. Kunya ce ta rufe masa baki, kai kuma ribar da kake hange ta hana ka bin sa gida ka ji ta bakinsa.

Ko waɗanda suka amsa, rabin ra'ayinsu ka ji. Da ka tambayi masu gero, in ba gero ba sai me, wataƙila su ce masara, don sun san yadda ƙwari ke rarake wake in ba a zuba shi a buhun PICS, mai hana iska shiga, ba. Ka ga masara ta zama biyar, wake huɗu.

Na taɓa shiga irin wannan haɗaka. Mun shirya riƙe kaya har damina, ashe ɗayanmu zai aurar da 'yarsa bayan wata uku, ba wanda ya tambaye shi. Ya matsa, muka sayar kafin farashi ya motsa. Da aka cire kuɗin sito da na dako, da kyar uwar kuɗi ta dawo.

Nan gaba, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai. Ya jera maka zaɓinsa uku: na farko maki 3, na biyu 2, na uku 1, a tara, hatsin da ya fi maki shi za a saya, dabarar da Borda, masanin lissafi Bafaranshe, ya kawo tun ƙarni na 18. Ka tambaye shi watan da zai buƙaci kuɗinsa, ka rubuta, ya sa hannu. Waken da ke sito ma, haka za ku yanke ranar fitar da shi.