Fentin da Kalarsa ta Ɓaci Wajen Haɗi: Yaushe Yake da Riba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya fente ɗakunanka da fentin nan da ake karyar da farashinsa saboda an yi kuskuren kala. Za ka iya, kuma da riba, domin ba ingancin fentin ne ya lalace ba. Mai haɗawa ne ya ɗiga launin da ba shi aka nema ba, ko wanda ya sa aka haɗa ya fasa karɓa. Sai dai irin wannan kaya ba a mayar da shi, kuma idan ya ƙare da wuya a sake samun irinsa sak. Don haka lissafi ke gaba da ciniki.

Lita ɗaya kan shafe murabba'in mita 10 zuwa 12 a bango mai santsi, shafi ɗaya. Ɗaki mai mita 4 a kan 4, tsayi mita 3, bangonsa murabba'in mita 48 ne. Ka cire kamar 4 na ƙofa da taga, saura 44. Shafi biyu, 88 ke nan, wato wajen lita 9. Ka sayi 10 ko 11, ragowar ta gyaran tabo ce nan gaba. Bango mai kaushi ko sabuwar filasta sun fi haka sha.

Kada ka biya sai an buɗe maka. Ɗigon fentin da ake sawa a kan murfi don nuna kala yakan yi ƙarya. Ka sa sanda har gindin gwangwanin ka juya. Ruwa-ruwan da ya taso sama ba aibi ba ne idan ya koma ya haɗe. Amma idan ya yi gudaji-gudaji ya ƙi narkewa, ko yana warin ruɓa, to ya mutu, ko kyauta ne ka bar shi, domin warin zai bi shi har bango.

Inda mutane suka fi asara shi ne wajen gauraya. Fentin ruwa da fentin ruwa, na mai da na mai. In ka haɗa su biyun sai su tsinke. Na cikin ɗaki daban, na waje daban, saboda na waje yana ɗauke da maganin gansakuka da bai kamata a riƙa shaƙa a rufaffen ɗaki ba, na ciki kuma ba ya jure rana da ruwan sama. Idan ka sami gwangwani uku ko huɗu masu kusancin kala, ka juye su gaba ɗaya a babban bokiti, ka tace da raga, ka juya sosai har sai ba ka ganin zare-zaren launi. Kada ka shafa su ɗaya bayan ɗaya, bambancin zai fito a tsakiyar bango. Ja da kore, ko shuɗi da ruwan lemo, toka-toka mai datti suke bayarwa. Shawarata ka tsaya a kan kaloli masu haske. Mai duhu yana cin farin fenti da yawa kafin ya washe, har arahar ta tashi a banza, kuma shi kansa yakan nemi shafi uku domin farin sinadarin da ke rufe bango kaɗan ne a cikinsa.

Kafin ka ɗauki rola, ka shafa sau biyu a kan kwali, ka bari ya bushe, ka duba shi da rana da kuma ƙarƙashin ƙwan lantarki. Fentin ruwa yakan ɗan ƙara duhu bayan ya bushe.

In kalar ba ta yi maka ba, za ta yi shafin farko a ƙarƙashin wadda ta fi ta duhu, ko ta yi ɗakin ajiya. Amma ba ta maye gurbin firaima, wato shafin share fage da ake yi kafin fenti, a kan ƙarfe ko bangon da ya yi tabon ruwa, kuma sabuwar filasta tana bukatar kamar mako 4 ta bushe tukuna. Idan ka ga fentin ba zai kai ba, ka tsaya a kusurwa, ka ba bangon da ya rage wata kala.