Amsa ga mai tambaya kan kajin gida da suka ƙare bayan dawowa daga baje koli

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Ka ce kana kiwon kajin gida na asali, shazumama da durgu da manyan kajin Fulani, ka kai zakaru biyu baje koli, ka dawo da su tare da wata kaza da ka saya a can, bayan kwana shida garken ya fara zuba. Ka ambaci koren zawo, haki da buɗe baki, da wasu da wuyansu ya murɗe, kana tambayar maganin da za ka saya da yadda za ka tsare na gaba.

Alamomin nan sun fi kama da fakat, wadda likitocin dabbobi ke kira Newcastle. Lissafin kwanakin ma ya dace, don cutar kan ɗauki kwana 2 zuwa 15 a jikin kaza kafin ta bayyana, galibi 5 ko 6. Kaza za ta shigo gida tana kiwo garau alhali tana ɗauke da ita. Kuma fakat ba ta da magani. Ƙwayar cutar bairos ce, kafson ja da rawaya da ake farkewa a zuba a ruwa ba ya taɓa ta, haka barkono da ɓawon maɗaci. Amfanin maganin kashe ƙwayoyin cuta kawai shi ne tare wasu cututtukan da kan hau kazar da ta riga ta raunana. Abin yi yanzu shi ne ka ware marasa lafiya nesa, ka ba sauran sinadarin bitamin a ruwa, ka ƙone mushen ko ka binne shi da zurfi yadda kare ba zai tono ba. Don Allah kada a kwashi masu layi a kai kasuwa, ta haka cutar ke ƙare kajin unguwa guda. Amma ka duba da kyau: idan ka ga tukku da leɓatu sun kumbura sun yi baƙi-baƙi, ƙafafu sun yi jajaja kamar jini ya kwanta, kaji na faɗuwa farat ɗaya ba tare da sun yi jinya ba, to ka daina taɓa su da hannu ka kira ofishin likitan dabbobi, don murar tsuntsaye kan zo da wannan kama. Tun 2006 da ta fara ɓulla a Najeriya, a Jaji ta jihar Kaduna, take dawowa lokaci zuwa lokaci, kuma tana iya kama mutum.

Rigakafi shi ne gaba da komai. Ga mai kajin gida, wadda ta fi dacewa ita ce I-2 da cibiyar binciken dabbobi ta Vom take yi, saboda ta fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido, babba da ɗan tsako duk ɗaya, a riƙe ta har ta ƙifta ɗigon ya shige, sannan a maimaita duk bayan wata huɗu. Ka tsara yadda zagaye ɗaya zai faɗa a watan Oktoba, kafin hunturu ya kankama, domin lokacin sanyi da ƙura ne fakat ta fi ɓarna, kuma jikin kaza na buƙatar kusan sati biyu kafin garkuwar ta kafu. Wanda ya bari sai ya ji kajin maƙwabci sun fara mutuwa ya makara. Kaza mai ciwo kuwa ba a yi mata rigakafi.

Idan LaSota ka samu, wadda ake bayarwa a ruwan sha, nan ne aka fi yin kuskure. Mutum zai saya a shagon da wuta ta ɗauke tun jiya, ya sa a aljihu, ya zaga kasuwa, ya dawo ya zuba a ruwan famfo. Wannan ruwa kawai ya ba kajinsa. Ƙwayar da ke cikin kwalbar mai rai ce, zafi na kashe ta, sinadarin kulorin na ruwan famfo ma haka. Ka tafi da kula ko fulas mai ƙanƙara. Ka ɗauke wa kajin ruwa na awa biyu da sassafe don su ji ƙishi, ka yi amfani da ruwan rijiya mai tsabta, ka zuba garin madara marar maiƙo kamar giram 2 a kowace lita, ka buɗe kwalbar a cikin ruwan. Mazubi ya zama na roba, ba sabulu a jikinsa, a inuwa, kuma su shanye cikin awa biyu. Ragowar ba a ajiye ta zuwa gobe.

'Yan tsaki suna da nasu lissafin. Rigakafin Gumboro, wata cutar bairos mai kama 'yan tsaki, a sati na biyu, a maimaita wajen sati na huɗu. Rigakafin ƙurajen kaji tsakanin sati 6 da 8, ana soka ta a fatar fiffike da allura mai baki biyu, bayan kwana 7 zuwa 10 a duba wurin. Idan ba ɗan kumburi ko ɓawo, ba ta kama ba. Ga mai kai kaji gasar baje koli wannan ba abin wasa ba ce, tabon ƙurji ɗaya a tukku ya isa ya zubar da darajar zakara, kuma sauro na cikin manyan masu yaɗa cutar, shi ya sa ta fi yawa da damina. Kashin jini kuwa daga jiƙaƙƙen ƙasan akurki yake tasowa, ya fi kama masu sati 3 zuwa 6, ana maganinsa da amprolium na kwana biyar. Amma in ba a ɗaga mazubin ruwa a kan bulo an sauya buntun da ya jiƙe ba, zai dawo.

Sai maganar baje kolin kanta, wadda ita ce ƙofar da cutar ta shigo maka. Duk kazar da ta fita gidanka ta haɗu da wasu, ko taka ce tun tana ƙwai, baƙuwa ce ranar da ta dawo. Ta zauna a keɓe kwana 21 aƙalla, wata guda ya fi, a keji mai nisa da akurki, da mazubinta daban. Ka riƙa fara ciyar da garken gida, ka ƙare da na keɓe, ka wanke hannu ka sauya takalmi. Kafin tafiya a tabbata an yi musu rigakafi da sati biyu zuwa uku. Ka tafi da kejinka da ruwanka da abincinka, kada ka bari kowa ya ɗaga zakaranka don jin nauyi, hannun da ya taɓa kaji ashirin ne. Wanka da ruwan ɗumi a yi shi kwana biyu ko uku kafin ranar, don gashin ya bushe ya dawo da sheƙinsa. Kejin ma a wanke shi a shanya a rana bayan an dawo. Tattabaru da zabi da agwagi na iya ɗaukar fakat, agwagwa ma ba lalle ta nuna alama ba, saboda haka kada su sha ruwa wuri ɗaya da kajin da kake ji da su.

Idan akurkin na ƙasa ne, ka shiga da tocila da dare ka haska tsagogin bango. Akwai kaskar kaji mai laushin jiki da ke ɓuya a nan da rana, ta fito da dare ta sha jini, tana kuma jawo zazzaɓi da koren zawo da ake ɗauka fakat ce. A shafe tsagogin, a yi feshi kaji na waje, a ajiye musu toka da yashi a kwano su riƙa birgima. Maganin tsutsar ciki duk wata uku.

Wajen sake tada garken, kada gaggawa ta sa ka cike gurbi da kajin kasuwa. Ka share akurki, ka wanke, ka bar shi fayau sati uku ko huɗu. Ka nemi iri a gidan da ka san suna rigakafi, zakara ɗaya ga kaji 8 zuwa 10, ka sauya shi duk shekara don kada ya riƙa bin 'ya'yansa iri ya lalace. Shazumama kuma kada ka haɗa ta da shazumama, wasu 'ya'yan kan fito da gashi mai kakkaryewa, jiki kusan tsirara, ba sa jure hunturu. Ka haɗa ta da mai kwantaccen gashi, kusan rabin ƙyanƙyasar za su ɗauko ta. Ƙwan da za a sa wa kaza kada ya wuce kwana 7 a ajiye, kuma guda 10 zuwa 12 ya ishi kazar gida ta rufe har kwana 21.