Amsa ga ƴar'uwar da Babanta ke cewa an so yanka shi a asibiti

Assalamu alaikum. Ƙanwata, sannu da jinya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kin ce tun da aka sallamo shi daga ɗakin masu ciwo mai tsanani, inda ya kwana biyu a kan na'urar numfashi, yake rantsuwa an ɗaure shi, an cusa mai ƙarfe a maƙogwaro, kuma da dare wasu masu fararen kaya suna shawarar yanka shi. Yayyenki na son zuwa tada rigima, gwaggo ta ce iska ce. Kin kuma tambaya ko ki dakatar da maganin prednisolone da likita ya rubuta mai tunda yana hana shi barci.

Na daɗe ina aikin sa majinyata barci a ɗakin tiyata nan Maradi. Baba ba ƙarya yake yi ba, kuma bai haukace ba. Magungunan da muke bayarwa, irin su midazolam, propofol, morphine da ketamine, ba barcin gida suke sa mutum ba. Hankali na nutsewa yana tasowa, ya kama guntun abu nan, ya kama can, ya ɗinke su yadda ya ga dama. Ɗauri an yi shi: da bandeji ake ɗaure wuyan hannu jikin gado don kada mutum ya fizge bututun numfashi. Bututun ma gaskiya ne, kuma in za a zuƙe majina ana zura wata siririyar roba ciki, mutum ya shaƙe, idonsa ya kawo ruwa. Masu fararen kayan nan kuwa mu ne lokacin canjin aiki, tsaye a gindin gado muna magana ƙasa-ƙasa da Faransanci, yaren da dattijo bai ji. Ga zazzaɓi, ga fitila ba a kashewa, ga na'ura na ta ƙara. To me zai zata?

Akwai dattijon da nake riƙe wa hannu duk lokacin da ake zuƙe mai majina, ina ce mai sannu Baba. Da ya farfaɗo na shiga gaishe shi, sai ya juya fuska ga bango, jikinsa na rawa. A wurinsa ni ne mai danne shi.

Wani bincike a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka a 2001 ya samu irin wannan ruɗewa ga kusan 8 cikin 10 na masu kwanciya a kan na'urar numfashi. Mata wasu kan tashi da yaƙinin an taɓa mutuncinsu, alhali robar fitsari aka sa musu. Amma ban ce kowane kuka mafarki ne ba. In kun ga rauni da bai dace da jinya ba, ku je ku tambayi shugaban sashen, hakkinku ne.

Kada a ce mai “mafarki ka yi”, zai daina gaya muku ne kawai. A Denmak da Suwidin ma'aikata kan rubuta wa majinyaci littafin abin da ya faru kullum, ya karanta bayan ya warke. Ku yi haka da baki: wanda ya yi jinyar ya riƙa ba shi labari sannu-sannu, ranar kaza aka sa bututu saboda kaza, ranar kaza wane ya zo dubiya. Addu'a a yi, amma ban da hayaƙi ga mai raunin huhu.

Batun prednisolone, don Allah kada ki tsayar da kanki. A saman kowace ƙoda akwai ɗan ƙullutu mai ƙera kortizol daga wani nau'in kitse da ake kira kolestarol. Kortizol shi ne sinadarin da ke riƙe bugun jini da sukari lokacin ciwo. Daga ƙasan ƙwaƙwalwa ake aiko mai saƙo, wani sinadari mai suna ACTH, shi ke tada ƙwayoyin gadon da ke wannan aiki, kamar StAR mai shigar da kolestarol da CYP11B1 mai ƙarasa ƙirar. In mutum ya yi makonni yana shan prednisolone, wanda aikinsa irin na kortizol ne, ƙwaƙwalwa ta ga kaya a wadace sai ta daina aike, ƙwayoyin gadon su lafa, ƙullutun ya motse. Aka yanke magani rana ɗaya, sai amai, kasala, jini ya faɗi, har a rasa rai. A Glasgo ta Birtaniya a 1983 likitoci sun lura mace-mace sun ƙaru ga majinyatan da aka daɗe ana kwantarwa da maganin sa barci etomidate, daga baya aka gane yana toshe aikin CYP11B1 ne, jiki ya rasa kortizol. Ƴan matanmu masu sayen dexamethasone, ɗan'uwan prednisolone, wurin ƴan tallan magani don su yi ƙiba, haɗarinsu ke nan.

Gaskiya ne maganin na hana barci, yana iya ƙara ruɗewa ma. Ki koma wurin likitan da takardar maganin, ki gaya mai abin da Baba ke faɗi, ki tambaya ko za a mai da shan ya zama da safe, da kuma yadda za a riƙa ragewa.