Rumbun bayanan shagonmu ya cika: mu sayi lasisi ko mu bi ɓarauniyar hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon sarin magunguna kusa da Babbar Kasuwar Sakkwato, da reshe guda a Mabera. Shekara huɗu ke nan da munka sa manhajar lissafin kaya, kuma wanda ya haɗa muna ita ya ɗora ta bisa SQL Server 2019 Express, bugun kyauta na manhajar rumbun bayanai ta Microsoft. Satin da ya wuce ta fara ƙin karɓar sabon ciniki, tana nuna lamba 1105. Wani yaro mai gyaran kwamfuta ya ce rumbun na ya cika, amma zai sa muna bugun Developer kyauta, komai ya wuce. Ma'aikatana 12 ne, kwamfutoci biyar. In bar shi ya sa, ko da abin da ban gani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara albarka a kasuwa. Yaron ya gano ciwon, amma maganin da ya rubuta ba naka ba ne.

Lamba 1105 tana nufin manhajar ta nemi wurin rubuta sabon bayani ba ta samu ba. Wani lokaci faifan kwamfutar ne ya cika, don haka a fara leƙa shi. In da sauran wuri a faifan, to ka iso bangon da kamfanin Microsoft ya gina wa Express: a bugun 2019 kowane rumbu ba ya wuce gigabait 10. Akwai wasu iyakokin kuma. Ba ya amfani da fiye da ƙwaya huɗu na furosesa, kuma RAM ɗin da yake riƙe bayanai a ciki bai kai gigabait ɗaya da rabi ba, ko da ka cika na'urar da gigabait 32. Kyauta ne, an halatta yin kasuwanci da shi, amma an auna shi da mudun ƙaramin shago.

Shi kuwa Developer, komai na babban bugun Enterprise yana cikinsa, kuma gaskiya ne ba a biyan ko sisi. Sai dai sharaɗin lasisinsa a fili yake: na masu rubuta manhaja ne da gwaji, ba na gudanar da ainihin aiki ba. Ranar da aka buga rasit na farko a kansa, ka karya yarjejeniyar da aka danna amincewa da sunanka. Na san za a ce wa zai zo Mabera ya bincika? Wataƙila babu. Amma kai da kake hulɗa da asibitoci da ƙungiyoyin agaji, wata rana mai binciken kuɗi zai nemi takardar lasisi. Sannan shigarsa ta fi fitarsa sauƙi. Daga Express zuwa Standard, bugun da ake saye, akwai hanyar ɗaga bugu a cikin shirin girkawa, bayananka na nan inda suke. Daga Developer kuwa in kana son saukowa Standard, in mai manhajar ya kunna wani abu da Enterprise kaɗai ke da shi, rumbun zai ƙi buɗewa sai an warware shi. Batun kwafin sata da ake yawo da shi a filashi ma ba na son mu tsaya a kai. Wanda ya fasa maka kwaɗon ba ka san me ya bari a ɗakin ba.

Kafin ka fitar da kuɗi, a duba me ya cinye gigabait goman. Nan ne nake so ka zauna kusa da mai manhajar, ba ka aika shi ba. Ya buɗe SQL Server Management Studio, ya fito da rahoton girman kowane teburi, wato kowane jadawalin bayanai da ke cikin rumbun. Lissafin ciniki kansa ba ya da nauyi, lambobi ne da gajerun sunaye. Abin da na saba tararwa shi ne teburi ɗaya ko biyu sun kumbura: hotunan takardun likita da rasit da aka cusa cikin rumbun, ko teburin da ke rubuta duk wanda ya shiga da duk abin da ya danna tun ranar farko. In haka ne, a fitar da hotunan zuwa babban fayil a faifai, a bar adireshinsu kawai a teburi. Kuma tunda iyakar ta kowane rumbu ce, ba ta sabar (kwamfutar da ke riƙe da rumbun) gaba ɗaya ba, ana iya buɗe rumbu na biyu a kwashe cinikin shekarun baya can, kamar yadda ake kai tsofaffin littattafan bashi sito. Wurin da aka share manhajar za ta sake cika shi da sabon ciniki. Wannan kaɗai kan ba shago irin naka wasu shekaru. Bugun 2025 na Express ma an ɗaga iyakarsa zuwa gigabait 50, amma kada a taɓa shi sai mai manhajar ya gwada a wata kwamfuta, domin kwafin ajiyar da aka ɗauka a sabon bugu ba ya komawa kan tsoho.

In kuma kasuwa ta girma har sai an sayi Standard, hanya biyu ce. Ta farko, lasisin sabar ɗaya, sai lasisin shiga da ake kira CAL, ko dai na kowane mutum ko na kowace na'ura. A farashin da Microsoft ya wallafa na bugun 2022, sabar dala 989 ce, kowane CAL dala 230. In ka ƙidaya mutum 12, ka tashi a dala 3,749. In ka ƙidaya kwamfutoci biyar da suke karɓa-karɓa a kansu, dala 2,139 ce. Dubi tazarar. Amma ka lura, wayarka da kake duba ciniki da ita daga gida ita ma na'ura ce, tana buƙatar nata, ko da ta cikin shafin intanet take isa rumbun. Hanya ta biyu ita ce biya bisa ƙwayoyin furosesa: ana sayar da su bibbiyu, dala 3,945 kowane ƙunshi, kuma mafi ƙanƙanta ƙwaya huɗu, wato dala 7,890. Wannan ta mai buɗe wa jama'a shafi ce, wanda ba zai iya ƙidaya masu shiga ba. Kai ba ka kai nan ba. Farashin dillali a Nijeriya zai bambanta, ga canjin dala.

Za ka ji masu cewa ka koma wasu manhajojin rumbun bayanai, PostgreSQL ko MariaDB. Dukansu kyauta ne, ba iyakar gigabait 10, kuma da yau za a fara gina manhajar, PostgreSQL zan zaɓa maka. Amma taka an rubuta ta da yaren SQL na Microsoft, sauya ta aikin makonni ne na mai manhaja, ba na yammaci ɗaya ba.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, wanda ya fi damuna. Express ba shi da SQL Server Agent, wato mai gudanar da ayyuka kan lokaci, saboda haka ba ya ɗaukar kwafin ajiya da kansa sai an haɗa masa umarnin sqlcmd da Task Scheduler na Windows. Shaguna da yawa ba wanda ya haɗa. An taɓa kirana wani shago cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40. Sabar tana ƙarƙashin kanta, bayan katan-katan na ruwan ƙarin jini, fankarta ta toshe da ƙurar hunturun da ya wuce, na sa yatsa na ciro ta kamar auduga. Faifan ya mutu. Na tambayi kwafin ajiya, mai shagon ya ce akwai, kullum ana ɗauka. Akwai ɗin kuwa, amma a kan wannan faifan da ya mutu. Bashin da yake bin ƙananan kemis na ƙauyuka sai daga baki aka riƙa tattaro shi.

Saboda haka a daren yau, kafin a goge ko layi ɗaya, a ɗauki cikakken kwafi a faifan waje ka tafi da shi gida. A tsara ɗauka kowane dare, kwafi ɗaya a shago, ɗaya a wani wuri. Duk wata a mayar da kwafin kan wata kwamfuta a buɗe a ga cinikin jiya, a kuma gudanar da DBCC CHECKDB don gano ɓarna tun tana ƙarama. A ɗaga sabar daga ƙasa, a sa mata UPS ko inbata, domin ɗaukewar wuta tsakiyar rubutu tana iya lalata bayanai.

Sai reshen Mabera. In an buɗe ƙofa mai lamba 1433 ga intanet don su shigo, a rufe ta, a haɗa rassan da VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro ta cikin intanet. Masu kutse suna bin wannan ƙofar dare da rana suna gwada kalmar sirrin asusun da ake kira “sa”, wanda shi ne mai iko da komai. A kashe asusun ko a ba shi doguwar kalmar sirri, manhajar ta shiga da nata asusun mai ƙaramin iko. In kana ajiye sunayen marasa lafiya da magungunansu, dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma kai mai shago za a tambaya.

Ka turo mini girman manyan teburan nan biyar in an fitar da rahoton, sai in gaya maka ko kwashe tsofaffin shekaru zai wadatar.