Amsa: ya ake gane ƙasa ce ke sa wa yara ciwo?

Malam ka tambaya ya hukuma ke tabbatarwa cewa muhalli ne ke sa wa yara ciwo kafin ta ɗau mataki. Awo ake yi, a ɗebi jinin yaran a auna, a ɗebi ƙasar tsakar gida da ruwan rijiya a auna, in guba ɗaya ta fito duka wuraren to an kama bakin zaren. Haka aka yi a Zamfara a 2010 a yankin Anka da Bukkuyum, yara suna ta jijjiga ana zaton maleriya ce ko sanƙarau, ashe gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gida, yara sama da 400 suka rasu wlh abin akwai ciwo.

Amma fa magani kaɗai baya wadatarwa, na ga haka da idona, yaro a bashi magani ya koma yana rarrafe a ƙasar nan yana kai hannu baki, gubar dawowa take. Shi yasa sai da aka kwashe ƙasar saman gidajen aka zuba sabuwa, kamar yadda aka yi a garin Bagega na yankin Anka a 2013, sannan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka fara ba yaran garin magani.